Na Uku Daga Hagu

Sefa ɗari biyar kuɗin shiga, yara kyauta.
Na biya nawa, Ladiyo ta wuce gabana
da littafin lakwal a hammata.
Malaminsu ya ce kowa ya rubuto shafi ɗaya
a kan abin da garin Poli ya taɓa ci da shi.

Gidan tarihin tsohon sito ne,
ɗaki biyu da rabi, rufin kwano.
A nan ake auna dutse a da,
in ji Bappa Hamajoda, mai makullai a wuya.
Ma'aunin na nan, allurarsa ta kafe a kan sifiri
kamar ta rantse ba ta ƙara yi wa kowa ƙarya.

Cikin gilashi, dunƙulen dutse, kore shar.
Ladiyo ta ce, Baba, ai jan ƙarfe aka ce.
Na ce haka yake fitowa, sai ya sha wuta yake ja.
Ban san inda na samo wannan ba
sai da na tuna farcen kakana,
kore a gindi, ko ya wanke da toka,
ko ranar Sallah.

Diga uku, ɗaya ba ƙota.
Fitila an goge ta har tana ƙyalli,
abin da ba ta taɓa yi ba a zamanin aikinta.
Igiyar rama, kwando,
zugazugin fatar akuya da ɓera ya fara ɗanɗanawa.
Mundaye jere a kan jan ƙyalle,
kar a taɓa, da Faransanci da Fulatanci.
Ɗakin tsaf, ba mai tari.
Ni kuwa tari na sani,
daga bayan zana, tun kafin assalatu,
shi ne agogon gidanmu
har shekarar da muka fara makara.

A ɗaki na biyu hoto ne, ya yi ruwan ƙasa.
Mutum bakwai a bakin rami, ba riga.
Bature a gefe, an sa sunansa har da na ubansa.
Sauran: ma'aikata, ba a san su ba.
Ladiyo ce ta fassara mini, tana bi da yatsa.

Na uku daga hagu ya dafa diga da hannun dama.
Na ƙirga. Na matsa, na sake ƙirgawa.
Yatsu huɗu.
Wannan hannun ya ɓare mini gyaɗa,
ya murɗe mini kunne ranar da na jefa takalmi a rijiya.
Wata rana ya ce dutse ne ya cinye na biyar ɗin,
wata rana ya ce kura,
ya danganta da mai tambaya.

Na ce, Bappa, wannan ai an san shi!
Ban san na ɗaga murya ba
sai da tantabarun rufi suka watse.

Bai yi mamaki ba.
Ya ja durowa, ya ciro littafi mai shuɗin bango,
biro ɗaure da zare.
Na farko, wata tsohuwa daga Gode ta faɗa, bara waccan.
Na shida, gida biyu sun yi gardama a kansa,
an rubuta duka sunayen.
Ya ce, da naka sun zama uku.
Rami ba ya mayar da ajiya lokaci guda.

Ni da nake zura zare a allura da magariba,
yau hannuna ya ƙi.
Na miƙa wa Ladiyo biron.
Tanimu Jatau, na ce, ana ce masa Mai Kore.
Ta rubuta a hankali, harshe a waje.

A bakin hanya muna jiran babur mai komawa Garwa
na sayi gyaɗa ta hamsin.
Ina ɓarewa, ina zuba mata a tafi.
Ta ce, Baba, shafi ɗaya zai isa kuwa?
Na ce ci dai tukuna.